Rauni da Jinya a Wasannin Labari na Kan Tebur: Wane Tsari Ya Dace da Teburinku?

Duk wanda ya taɓa jan ragamar wasan labari na kan tebur, wato wasan da kowane ɗan wasa yake riƙe da jarumi ɗaya, jagora yana ba da labari, dayis kuma tana yanke abin da ya faru, ya san lokacin da ɗaki yake yin tsit. An jefa dayis, dodo ya sami mayaƙin ƙungiya da gatari, mai mayaƙin ya sunkuya kan takardarsa ya rage lamba, sannan ya ɗago kai ya ce makin lafiyarsa, wato lambar da ke nuna dukan da jarumi zai iya jurewa, ya ƙare. Daga nan tambayoyi suke biyo juna: mutuwa ya yi ko suma, wa zai iya ceto shi, kuma idan an cece shi, kwana nawa zai yi kafin ya sake ɗaga takobi? Mafi yawan gardamar da na gani a bakin tebur a wannan gaɓar take tashi, domin kowa yana da abin da yake zaton littafi ya faɗa, kuma ran jarumin da mutum ya yi watanni yana renonsa ne a kan sikeli.

Masu neman tsarin da za su ɗauka sukan tsaya kan yawan lahanin da takobi ko bindiga ke yi. A ganina abin dubawa na farko shi ne ƙa'idar warkewa. Ita ce take yanke saurin labari, ita ce take sa 'yan wasa su afka wa faɗa ko su nemi sulhu, kuma ita ce take nuna ko raunin yau zai biyo jarumi zuwa zaman mako mai zuwa. Tsari biyar zan kwatanta, dukansu sanannu ne kuma ana samun ƙa'idojinsu cikin sauƙi.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne bayyanar doka a lokacin da maki ya kai sifili, wato ko jagora zai iya karanta ta sau ɗaya ya yanke hukunci ba tare da an tsayar da wasa ba. Na biyu shi ne tsawon jinya a cikin lokacin labarin. Na uku, ko rauni yana barin tabo, ma'ana ko jarumin da ya sha duka yana raunana a aikinsa ko kuwa yana nan da ƙarfinsa har sai ya faɗi. Sai nauyin lissafi a kan jagora da 'yan wasa, da farashi, da ƙarkon tsarin idan wasa ya yi shekara ana yi, da kuma haɗari, wanda yake iri biyu: haɗarin rasa jarumi, da haɗarin saɓani tsakanin abokai.

Game da farashi, alƙaluman da zan kawo na kasuwar Amurka ne kuma suna sauyawa. Wanda yake Kano ko Maraɗi zai ƙara kuɗin aiko da kaya a kai, wanda wani lokaci yake kusantar kuɗin littafin kansa, don haka samun ƙa'idoji kyauta a intanet yana da muhimmanci a wajenmu fiye da yadda yake da shi a can. Littattafan duka da Turanci suke, kuma wannan yana ƙara wa jagora aikin fassara wa teburinsa dokar mutuwa da warkewa tun kafin a fara.

Dungeons & Dragons, bugu na biyar

Wannan shi ne wasan da aka fi sani. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da asalinsa a 1974, bugu na biyar ya fito daga kamfanin Wizards of the Coast a 2014, aka kuma sabunta shi a 2024. Mu ɗauki mayaƙi a mataki na 3 na ƙwarewa wanda juriyar jikinsa ke ba shi ƙarin maki 2: yana da makin lafiya 28. Ko da duka ya mayar da shi maki 1, yana kai hari da ƙarfin da yake da shi tun safe. Babu abin da ya ragu a hannunsa sai ya kai sifili.

Idan ya kai sifili sai ya suma, kuma a kowane zagaye ya jefa dayis mai fuska 20. Daga 10 zuwa sama nasara ce, ƙasa da haka faɗuwa ce. Nasara uku, ya tsira yana sume. Faɗuwa uku, ya mutu. Idan 1 ta fito ana ƙirga ta faɗuwa biyu, idan 20 ta fito ya farfaɗo da maki 1. Wanda aka bari shi kaɗai babu taimako yana da damar tsira kusan kashi 60 cikin ɗari. Amma ba kasafai ake barin mutum ba, domin ƙaramin sihirin warkarwa, ko kwalbar ruwan magani mai mayar da ɗan maki, ya isa ya tashe shi tsaye ya koma fagen fama a zagaye na gaba, kuma ƙirgen faɗuwarsa ya goge. Wannan ne ya sa a tebura da yawa za ka ga mayaƙi ya faɗi sau uku a faɗa ɗaya yana tashi, har tsoron faɗuwar ya fita daga zukatan 'yan wasa.

Warkewa tana da hanya biyu. Gajeren hutu awa ɗaya ne, inda jarumi yake kashe dayis ɗin jinyarsa, ɗaya ga kowane mataki. Mayaƙinmu yana da uku masu fuska 10, kuma idan ya jefa biyu zai dawo da wajen maki 15. Dogon hutu awa takwas ne, kuma yana mayar da makin lafiya gaba ɗaya. Mutumin da yake rai kwakwai mutu kwakwai da la'asar zai wayi gari garau. A dokar 2014 rabin dayis ɗin jinya ne kawai yake dawowa bayan dogon hutu, a dokar 2024 kuwa duka suke dawowa, kuma wannan bambancin shi kaɗai ya isa ya haɗa mutum biyu gardama idan kowannensu da littafin da ya karanta.

Akwai wasu wurare huɗu da ya kamata jagora ya warware tun ranar farko. Makin lafiya na wucin gadi ba ya taruwa. Idan an ba ka 5 sannan an ba ka 8, ɗaya za ka zaɓa, kuma ba ya tashin wanda ya suma. Dukan makasa, wato dukan da ya dace ƙwarai har ya fi na kullum lahani, yana ninka dayis ɗin lahani ne kawai, ba ya ninka ƙarin lambar da ake haɗawa da su. Wanda ya kai wa sumamme hari daga kusa, idan ya same shi, dukan makasa ne kai tsaye, wato faɗuwa biyu nan take, don haka jagoran da ya sa dodanninsa su riƙa ƙarasa waɗanda suka faɗi ya mayar da wasan mai kisa sosai ba tare da ya sauya doka ko ɗaya ba. Na huɗu shi ne mutuwar nan take: idan abin da ya rage na lahani bayan an kai sifili ya kai adadin cikakken makin jarumi, babu jifan tsira. Matsafi a mataki na 1 mai cikakken maki 8, wanda ya rage masa 3, idan aka yi masa lahanin 11 ya tafi ke nan. Wannan dokar tana cin sababbin jarumai, amma bayan mataki na 4 ko na 5 da wuya a sake jin ɗuriyarta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne littafin jagora na 2014 ya kawo zaɓin sauya wannan saurin. A ciki akwai tsarin da gajeren hutu yake zama dare guda, dogon hutu kuma kwana bakwai, akwai wanda barci ba ya mayar da maki sai an kashe dayis ɗin jinya, akwai kuma jadawalin raunuka masu daɗewa irin su rasa ido ko gurguncewa. Na gwada tsarin kwana bakwai a wani labarin doguwar tafiya, kuma nan da nan halin 'yan wasa ya sauya: suka fara tambayar nisan gari mafi kusa kafin su shiga kogo.

Manyan littattafan uku ne, kowanne kusan dala 50, amma ƙa'idojin farko kyauta ne a intanet kuma sun ƙunshi duk dokar rauni da hutu. Ana buƙatar dayis masu fuskoki daban-daban, ko manhajar waya da take jefa su. Rauninsa wajen ƙarko shi ne kumburin maki: a manyan matakai jarumi yana wuce maki 100, faɗa yana cin awa guda ko fiye, kuma barazanar mutuwa tana dusashewa.

Pathfinder, bugu na biyu

Kamfanin Paizo ya fitar da wannan bugun a 2019, ya sake tsara littattafansa a 2023. A fuska yana kama da na sama, amma ya toshe ƙofar nan ta faɗuwa da tashi. Mayaƙi ɗan Adam a mataki na 3 mai ƙarin juriya 2 yana da maki 44. Idan ya kai sifili sai ya shiga halin gargara a mataki na 1, ko na 2 idan dukan makasa ne ya kayar da shi, kuma duk wanda gargararsa ta kai 4 ya mutu. A kowane zagaye yana jefa dayis mai fuska 20 yana neman 10 haɗe da matakin gargararsa, wato 11 a farko. Nasara tana rage mataki, faɗuwa tana ƙara shi.

Hikimar tsarin tana cikin abin da ke biyo baya. Duk wanda aka tashe shi daga gargara yana ɗauke da alamar rauni ɗaya, kuma idan ya sake faɗuwa ana haɗa wannan alamar da sabuwar gargararsa. Wanda aka tashe shi sau biyu, idan dukan makasa ya sake kayar da shi, 2 da 2 sun zama 4, babu jifa ko ɗaya. Jiki magayi ne a wannan wasan, kuma ƙungiya tana koyon janye wanda ya taɓa faɗuwa zuwa baya maimakon a sake tura shi gaba. Akwai kuma makin jarunta da ake raba wa 'yan wasa a kowane zama. Wanda ya ga mutuwa ta zo zai iya ba da duk abin da yake da shi ya tsira yana sume.

Barci ba ya yin abin kirki a nan. Hutun awa takwas yana mayar da ƙarin juriya sau matakin jarumi, wato maki 6 kacal daga cikin 44 ga mayaƙinmu. Ainihin warkewa tana hannun wanda ya iya aikin magani a ƙungiya: da jakar kayan jinya da minti goma, yana jefa dayis yana neman 15, idan ya dace ya mayar da abin da dayis biyu masu fuska 8 suka ba da, kuma ya goge alamar rauni. Idan ya yi mummunar faɗuwa sai ya ƙara wa majinyacin ciwo. Bayan haka sai an jira awa ɗaya kafin a sake yi wa mutum ɗaya. Sakamakon shi ne ƙungiya takan shiga kowane faɗa da kusan cikakkiyar lafiya muddin tana da lokaci, don haka makamin jagora shi ne agogo: idan maƙiya suna biye da su, minti goman nan yana tsada.

Nauyin lissafi ya fi na kowane tsari a wannan jerin. Akwai lahani mai ci gaba, kamar zubar jini ko kamawar wuta, wanda ake cirewa a ƙarshen kowane zagaye har sai jarumi ya jefa 15 ko sama. Akwai garkuwa mai nata taurin da nata makin. Sai dai kusan kowace tambaya tana da amsa a rubuce, kuma wannan yana kashe gardama. Wuri ɗaya da ya taɓa rikita mutane shi ne ko ana haɗa alamar rauni a duk lokacin da gargara ta ƙaru. Kamfanin ya fayyace cewa ana haɗa ta ne a lokacin faɗuwa kawai. Babban littafin 'yan wasa kusan dala 60 ne, amma dukan ƙa'idojin suna shafin Archives of Nethys kyauta da izinin kamfanin. Lissafinsa yana riƙe daidaito har mataki na 20, wanda ya sa ya fi ƙarko ga labarin da za a shekara ana yi.

Call of Cthulhu, bugu na bakwai

Wannan wasan bincike ne da ban tsoro, wanda Sandy Petersen ya tsara wa kamfanin Chaosium a 1981, kuma yawancin labaransa a Amurka ta shekarun 1920 suke faruwa. Jaruman ba mayaƙa ba ne. Malaman jami'a ne, 'yan jarida, likitoci. Ana haɗa juriyar jiki da girman jiki a raba da goma, sai a sami makin lafiya, kuma mutum mai 60 da 60 yana da 12. Wannan adadin ba ya ƙaruwa komai daɗewar jarumi a wasa.

Dokar da komai ya rataya a kanta ita ce ta babban rauni. Duk duka ɗaya da ya kai rabin cikakken makin mutum babban rauni ne: ya faɗi ƙasa, kuma sai ya yi jifan juriya don kada ya suma. Ƙaramar bindigar hannu tana lahanin dayis ɗaya mai fuska 10, don haka rabin harsasan da suka sami mai maki 12 babban rauni za su yi masa. Bindigar farauta daga kusa dayis huɗu ce masu fuska 6, wanda sau da yawa ya fi ƙarfin dukan makinsa, kuma wannan mutuwa ce nan take. Wanda ya kai sifili ba tare da babban rauni ba suma kawai ya yi. Wanda ya kai sifili da babban rauni yana gargara, yana jifan juriya kowane zagaye, kuma faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Wannan bambancin shi ne abin da sababbin jagorori suka fi mantawa, har su kashe jarumin da doka ta ce suma ya yi.

Taimakon gaggawa dole a yi shi cikin awa ɗaya, kuma maki 1 yake mayarwa. Aikin likita yana mayar da 1 zuwa 3. Mai ƙaramin rauni yana samun maki 1 kowace rana. Mai babban rauni kuwa sau ɗaya a mako yake jifan juriya, idan ya dace ya sami 1 zuwa 3, kuma raunin ba ya gogewa sai ya koma rabin makinsa ko ya yi fitacciyar nasara a jifan. Ɗan jaridar da aka harba ya rage da maki 2 zai yi wajen makonni uku a gadon asibiti, alhali abin da suke bincike ba zai jira shi ba. Ban san wani tsari da yake sa 'yan wasa su ji tsoron bindiga kamar wannan ba, kuma wannan shi ne nufinsa. Akwai kuma makin hankali, wanda yake raguwa idan mutum ya ga abin firgici kuma ya fi na jiki wuyar dawowa.

Lissafin mai sauƙi ne, domin komai kashi ne cikin ɗari. Littafin jagora ya ɗan haura dala 50, akwai kuma taƙaitattun ƙa'idoji kyauta tare da labarin gwaji. Wajen ƙarkon littattafai ba shi da na biyu a nan, domin labaran da aka buga tun shekarun 1980 suna aiki da bugun yanzu da ɗan gyara kaɗan. Haɗarinsa shi ne ɗan wasan da jaruminsa yake kwance zai iya zama ɗan kallo, sai dai jagora ya tanadi jarumi na biyu ga kowa.

Fate Core

Kamfanin Evil Hat ya fitar da shi a 2013, kuma ya bar hanyar makin lafiya gaba ɗaya. Jarumi yana da 'yan akwatunan matsi guda biyu zuwa huɗu, kowanne yana shanye lahani daidai da lambarsa, da guraben illa uku: ƙarama mai shanye lahani 2, matsakaiciya mai shanye 4, babba mai shanye 6. Idan aka yi wa jarumi duka mai nauyin 5, zai iya cike akwatin matsi na 3 ya ɗauki ƙaramar illa, ko ya cike na 1 ya ɗauki matsakaiciya. Illar ba lamba ba ce; jumla ce ake rubutawa a takarda, kamar "karyayyen haƙarƙari" ko "hannun dama ya tsage", kuma abokin gaba yana da damar amfani da ita sau ɗaya kyauta ya sami ƙarin 2 a jifansa.

Akwatunan matsi suna gogewa da zarar faɗa ya ƙare. Illa kuwa sai an fara yi mata magani a cikin labarin, sannan a ƙirga: ƙarama tana ɗaukar fage ɗaya, wato ɗan yanki na labarin, matsakaiciya zama guda, babba kuma sai an kammala babin labari gaba ɗaya. Ana auna jinya da tafiyar labari ne, ba da kwanaki ba. Abin da na fi so a tsarin shi ne dokar sallamawa: ɗan wasa zai iya cewa ya sallama kafin a jefa dayis, ya rasa faɗan amma ya zaɓi yadda zai rasa shi, a kama shi ko ya tsere ya bar kayansa, kuma a ba shi lada a kan haka. Mutuwa ba ta zuwa da tsautsayin dayis. Sai mutum ya ƙi sallamawa an fitar da shi, sannan hukuncin ya koma hannun wanda ya yi nasara.

Shi ne mafi araha. Littafin na intanet ana biyan abin da aka ga dama ne, ko da babu ko kwabo, na takarda kuma kusan dala 25. Dayis ɗin lido guda huɗu da ake samu a kowace kasuwa sun wadatar: 1 da 2 ragi, 3 da 4 babu komai, 5 da 6 ƙari. Haɗarinsa ba na mutuwa ba ne, na saɓani ne. Tun da illa jumla ce, dole tebur ya yarda a kan abin da mai karyayyen haƙarƙari zai iya yi da abin da ba zai iya ba, kuma littafi ba zai raba wannan gardamar ba. Inda akwai mai son jayayya, tsarin yana gajiyarwa.

Tsohon tsarin 1981

Ƙa'idojin da Tom Moldvay ya tsara a 1981 suna nan da rai a wasanni irin su Old-School Essentials, kuma ana iya faɗin dokarsu a numfashi ɗaya. Maki ya kai sifili, jarumi ya mutu. Cikakken hutun yini guda ba tare da katsewa ba yana mayar da maki 1 zuwa 3. Sabon mayaƙi dayis ɗaya mai fuska 8 yake jefawa ya san makinsa, matsafi mai fuska 4, alhali makami yana lahanin 1 zuwa 6, don haka sara ɗaya yana iya gamawa da mutum a faɗansa na farko. Babu abin da za a yi gardama a kai, kuma ƙirƙirar sabon jarumi minti goma ne. Ƙa'idojin suna intanet kyauta, haka ma ɗan'uwansa Basic Fantasy, wanda za a iya saukewa a buga a shagon buga takardu. Dokar ba ta sauya ba sama da shekara 40.

| Tsari | A sifili | Tsawon jinya | Tabo | Lissafi | Farashi | Haɗarin mutuwa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Dungeons & Dragons | Suma da jifan tsira | Dare ɗaya | Babu | Matsakaici | Kyauta zuwa dala 150 | Ƙasa bayan matakan farko |
| Pathfinder | Gargara 1 zuwa 4 | Awoyi, da mai magani | Alamar rauni | Mai nauyi | Kyauta zuwa dala 60 a littafi | Matsakaici |
| Call of Cthulhu | Suma ko gargara | Kwanaki zuwa makonni | Babban rauni | Mai sauƙi | Kyauta zuwa sama da dala 50 | Sama |
| Fate Core | Babu maki, sai illa | Fage, zama ko babi | Jumla a takarda | Mai sauƙi | Kyauta zuwa dala 25 | Ƙasa ƙwarai |
| Tsarin 1981 | Mutuwa | Kwanaki | Babu | Mafi sauƙi | Kyauta | Sama ƙwarai |

Wa ya dace da wanne

Idan teburinku sababbi ne, kuma kowa yana son jaruminsa ya daɗe ya zama gwarzo, Dungeons & Dragons ya fi dacewa, bisa sharaɗin ku tsayar da bugu ɗaya, na 2014 ko na 2024, kuma jagora ya faɗa a fili ko dodanninsa suna ƙarasa wanda ya faɗi. Idan kun riga kun saba da shi kuma abin da ke damunku kawai shi ne barci yana warkar da komai, kada ku sayi sabon wasa. Ku gwada hutun kwana bakwai na zama uku ko huɗu tukuna, domin sau da yawa wannan kaɗai yake magance matsalar.

Ƙungiyar da take jin daɗin dabarun faɗa, wadda take da aƙalla mutum biyu masu son karanta doka, kuma take nufin yin labari ɗaya na tsawon shekara, Pathfinder ne nata. Ku tabbata wani ya ɗauki aikin magani tun wajen ƙirƙirar jarumai, in ba haka ba za ku ga tsarin ya fi yadda yake tsanani. Shi ne kuma zaɓin da na fi ba wanda gardamar doka ta taɓa ɓata masa zama da abokai.

Masu son bincike da tsoro, waɗanda suke ganin faɗa a matsayin abin gudu, su ɗauki Call of Cthulhu, musamman ga gajerun labarai na zama biyu ko uku inda doguwar jinya ba za ta zaunar da kowa ba. Masu son labari fiye da lissafi, waɗanda suka yarda da juna kuma ba sa son dayis ta ƙwace musu jarumi babu shiri, Fate Core zai yi musu, kuma shi ne wanda za a iya farawa da shi yau da waya ɗaya da dayis ɗin lido. Tsarin 1981 kuwa na waɗanda suke son wasan wayo da taka-tsantsan ne, da kuma teburin da mahalartansa suke sauyawa mako-mako, inda sabon zuwa zai karɓi takarda ya shiga cikin minti goma. Ba na ba da shawararsa ga wanda yake rubuta wa jaruminsa tarihi mai shafi uku kafin zaman farko, domin akwai yiwuwar ya rasa shi a ƙofar kogon farko, sai dai idan teburin ya amince tun da wuri a ƙara doka ɗaya ta gida, wadda take ba wanda ya kai sifili jifan tsira guda kafin a yanke masa hukunci.